Karayar ƙugu: me likita ke dubawa kafin ya ce akwai fata?

(Daga rikodin laccar wani likitan ƙashi a nan Kaduna, na rubuto yadda ya faɗa)

Toh jama'a, duk ranar da aka kwaso mana mutane daga hanyar Abuja ko ta Zariya, tirela ta murƙushe mota ko an banke ɗan acaɓa, dangi na isowa tambayarsu ɗaya ce, likita zai tashi? Rai na Allah ne, wannan ba gardama, amma akwai abubuwan da muke aunawa, kuma hoton eksire ba shi ne na farko ba.

Ƙashin ƙugu kamar awarwaro yake, da wuya ya tsage wuri ɗaya, in ya karye ta gaba to a duba baya. Kuma a bayan nan jijiyoyin jini suka yi dandazo. Babban mutum jininsa kusan lita 5 ne gaba ɗaya, kuma kaso mai yawa na iya tsiyayewa cikin ƙugu, ko ɗigo babu a rigarsa, yana ma yi maka magana yana cewa a kira masa matarsa, bayan awa ɗaya sai ka ji salati. Jinin nan da ba a gani shi ke kashe mutane da wuri, ba ƙashin ba.

Shi ya sa nake cewa ɗalibaina su yi lissafin nan tun a bakin ƙofar imajansi: bugun zuciya a minti, raba shi da lambar sama ta awon jini. Mai lafiya 0.5 zuwa 0.7 yake. In bugu 120 ne awon jini 90, ka haura 1, kada ka tsaya jiran komai, a nemo ledar jini. Amma fa hattara da tsoho mai shan maganin hawan jini, wasu magungunan na hana zuciya sauri, sai lissafin ya ruɗe ka ka zaci lafiya lau.

Sai batun kai. Akwai ma'aunin Glasgow na auna hayyacin mutum tun 1974, daga 3 zuwa 15, buɗe ido, magana, motsi. Wanda ƙugunsa ya karye kuma ya faɗo 8 ko ƙasa, lamarinsa ya yi nauyi sosai. Akwai kuma ma'aunin ISS da ke haɗa raunuka mafi muni na sassan jiki uku har maki 75, sama da 15 babban rauni ne. TRISS kuma, lissafin da ke hasashen ko mutum zai tashi, ya tattara waɗannan da shekaru, daga 55 haɗarin ya ƙaru. Ni dai gaskiya, TRISS ya fi amfani a ofis lokacin bitar fayil, don an gina shi ne da bayanan asibitocin Amurka inda motar asibiti ke zuwa da wuri, mu kuwa a bayan a-kori-kura ake kawo mana mutum, ga go-silo a Kawo.

Taɓa ƙafarsa ma. In ta yi sanyi ƙalau ga gumi a goshi, jiki ya fara sallamawa, kuma sanyi na hana jini daskarewa, don haka a lulluɓe shi. Allurar tranexamic acid mai rage zubar jini kuma cikin awa 3 na farko take aiki.

(Wani direba ya tambaya, su da ke fara isa wurin me za su yi?)

Yawwa Alhaji, zani za ka nemo. Ka naɗe zanin, ka zagaya daidai ƙashin da ke turowa a gefen saman cinya, ba a cibiya ba, nan ne mutane ke kuskure, ka ɗaure tam, ka haɗa ƙafafun ka ɗaure. Kada a ce ya gwada tsayawa, kada a jijjiga ƙugun, a ɗauke shi a kan katako ko ƙofa. Maɗori kuma ya yi haƙuri, wannan ba nasa ba ne, ku wuce asibitin Barau Dikko ko asibitin sojoji na 44 ko duk babban asibitin da ke da jini da ɗakin tiyata.