Fodkas ɗin Lafiyar Gida: Idan gefen farcen yaro ya kumbura

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau muna tare da Anti Rabi, ma'aikaciyar jinya, kan ciwon nan da ke hana yara barci, gefen farce ya yi ja ya kumbura yana zogi. Anti, me ke kawo shi?

Anti Rabi: Yawanci tsotson yatsa ne da cizon farce. Yawu yana jiƙa fatar har ta tsage, sai ƙwayoyin cuta na bakteriya su samu ƙofa. Akwai kuma yanke farce da reza har cikin nama, ko fizge 'yar fatar nan da ke tashi a gefe.

Bashir: A unguwarmu da an ce ɗan kankare ne, sai a huda lemun tsami a cusa yatsan. Wasu har kananzir suke zubawa.

Anti Rabi: Kai, Malam Bashir, kananzir kan fatar yaro? Ƙona ta yake yi. Abin da nake roƙon iyaye shi ne ruwan ɗumi mai tsabta, ba mai zafi ba, a tsoma yatsan minti 10 zuwa 15, sau 3 ko 4 a yini, a tsane shi sosai. Idan an tari abin da wuri, sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Hadiza: To in ya tara mugunya fa? Uwa tana gani ya yi fari, ga allura a kusa...

Anti Rabi: Don Allah kada ta huda. Wannan ne ya fi damuna, Hadiza. Allurar gida tana ƙara tura cutar ciki. Kuma akwai wani nau'in da ke fitowa da ƙananan ƙuraje masu ruwa, daga ƙwayar cutar da ke sa ƙurajen leɓe. Shi wannan ko a asibiti ba a tsaga shi. Ido kawai ba zai bambance maki su a gida ba.

Bashir: Yaushe ke nan za a tafi asibiti?

Anti Rabi: In an kwana 2 ba sauƙi, ko mugunya ta taru. Amma in akwai zazzaɓi, ko kumburin ya mamaye yatsan, ko yaron ya kasa lanƙwasa shi, a tafi a ranar. Jariri, mai sikila da mai ciwon suga kuwa ba a jira da su. Kada kuma a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ba tare da an duba yaron ba.

Hadiza: Lalle fa? 'Yan mata suna so.

Anti Rabi: A dakata sai ya warke, domin yana ɓoye jan da muke dubawa.