Bayan Kashin Gwaji: Yadda Wasannin Barkwancin Amurka Ke Sauya Kama

Assalamu alaikum. Masu rubutun wasan kwaikwayo da ke zauren nan, wannan ɓangaren naku ne, sai ku kasa kunne.

A Amurka, a da, galibi gidan talabijin ba ya miƙa wa mutum kuɗin zango guda haka kawai. Sai ya ɗauko kashi ɗaya tukuna, kashin gwaji. A tara 'yan kallo a ɗaki a nuna musu, a tambaye su wa ya burge su, wa ya gundure su. To, abin da nake so ku riƙe shi ne, wancan kashin an yi shi ne don a sayar wa manyan gidan talabijin. Wasan da duniya za ta sani daga baya yakan fito ne bayan 'yan wasa sun zauna da rawarsu, an ga wanda dariya ke bi.

Mu ɗauki Seinfeld. Gidan talabijin na NBC ya nuna kashin gwajinsa ranar 5 ga Yuli 1989, da sunan The Seinfeld Chronicles. Wanda ya san wasan, idan ya koma ya kalli wannan kashin, sai ya ji kamar ya shiga gidan da ba nasu ba. Maƙwabcin nan mai tsayayyen gashi, Kramer, a can sunansa Kessler, domin Larry David, ɗaya daga waɗanda suka ƙirƙiro wasan, ya yi ɗari-ɗari da amfani da sunan maƙwabcinsa na gaske. Kuma, ku ji fa, ƙwanƙwasa ƙofa yake yi kafin ya shigo! Mutumin da daga baya aka san shi da banko ƙofa ya zamo cikin ɗaki babu sallama, har 'yan kallo su ɓarke da tafi. Elaine kuwa, macen da aka sani cikin jigogin wasan, babu ita sam. Macen da ke wurin wata ma'aikaciyar gidan abinci ce, Claire.

'Yan kallon gwaji ba su yaba ba. Wani jami'in NBC, Rick Ludwin, shi ya tsaya wa wasan, ya ɗebo kuɗi daga kasafin sashensa aka yi kashi huɗu kacal. Sharaɗin gidan shi ne a saka mace cikin jigogin wasan, haka Julia Louis-Dreyfus ta shigo a matsayin Elaine. Na san marubuta ba sa ƙaunar gyaran masu kuɗi, ni ma ban cika so ba, amma a nan kam sun yi gaskiya. Maza uku suna surutu a ɗaki, da wuya su kai zango tara. Lokacin da aka rufe wasan a 1998, mutum wajen miliyan 76 ne suka kalli kashin ƙarshe.

The Golden Girls na 1985 gajeren labari ne: a kashin gwaji matan suna da kuku mai suna Coco, sai tsohuwa Sophia, wadda aka shirya za ta riƙa leƙowa jefi-jefi, ta kwashe dariyar duka. Aka sallami kukun, ɗakin girki ya zama dandalin hirar matan.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Happy Days na ABC, 1974. Labarin iyalan Cunningham ne, Fonzie ɗan rakiya ne kawai. Manyan gidan ma sun hana Henry Winkler, mai fitowa a matsayin Fonzie, saka rigar fata, wai zai yi kama da ɗan daba, sai dai in yana kusa da babur ɗinsa. Garry Marshall, mai wasan, sai ya sa a riƙa shigo da babur ɗin ko'ina Fonzie zai bayyana, har suka gaji suka ƙyale shi. Kafin a ankara Fonzie ya mamaye wasan, ya zama shi ne yayan da Richie, ɗan gidan Cunningham, ke zuwa wurinsa neman shawara. To ina za a kai yayan gaske, Chuck? Ba a kashe shi ba, ba a ce ya yi tafiya ba. A zango na biyu kawai aka daina ganinsa. Da aka zo kashin ƙarshe a 1984, uban ya tashi yana jawabi a kan 'ya'yansa, ya ce su biyu ne.