Su Wa Ke Tsaye Bayan Elvis?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga Memfis nake muku magana, a jihar Tenesi ta Amurka. Wannan ɗan ginin bulo da ke bayana, lamba 706 a titin Union, shi ne sutudiyon Sun, inda ake ɗaukar waƙoƙi. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci, bari mu shiga daga ciki.

To ga ɗakin, kun ga ko girman kirki ba shi da shi. Duk baƙon da ya shigo, shahararren mawaƙin nan Elvis Presley ne a bakinsa, a rungumi tsohuwar makirfo a ɗauki hoto. Ni kuwa makaɗansa biyu ne suka kawo ni, Scotty Moore da Bill Black.

Ranar 5 ga Yuli 1954 mai wurin, Sam Phillips, ya haɗa su ukun a nan. Elvis yana ɗan shekara 19, motar wani kamfanin aikin lantarki yake tuƙawa. Scotty mai jita yana aiki a shagon wankin kaya na ɗan'uwansa, Bill kuma a kamfanin taya na Firestone, shi ke kaɗa bes, ƙatuwar nan ta tsaye da ta kusa tsawon mutum. Suka yi ta gwada waƙoƙi masu sanyi, abu ya ƙi daɗi. Sai a lokacin hutu Elvis ya ɗauko tsohuwar waƙar Arthur Crudup, "That's All Right", yana rera ta da sauri cikin wasa. Bill ya bi shi, Scotty ya shiga. Sam ya leƙo ya ce a sake daga farko, ya kunna na'ura.

Ku nemi faifan ku saurara da kyau: babu ganga a ciki ko ɗaya. Wannan ƙas-ƙas ɗin da ke sa ƙafa motsi, Bill ne yake fizgar tsirkiya yana marin ta a jikin katako. In Elvis ya ja numfashi, jitar Scotty ce ke cike gurbin. Duk wanda ya taso da waƙar Shata ya san in aka cire kalangu da 'yan amshi, rabin waƙar ya tafi. Haka abin yake a nan. Mai ganga, D.J. Fontana, sai daga baya ya shigo, sun same shi ne a shirin rediyon Louisiana Hayride a Shreveport.

Yanzu ga inda zancen ya fi ci mini rai. Da farko rabon kuɗi ake yi: Elvis rabi, Scotty da Bill su raba sauran rabin. Scotty ne ma manajansa na farko. A mota ɗaya suke zaga garuruwan kudu, bes ɗin Bill a ɗaure a saman rufi. Da suna ya fito, Kanal Tom Parker, wanda ya zama manajan Elvis, ya shigo, kamfanin faifai na RCA ya sayi kwantiragin Elvis kan dala 35,000 a Nuwamban 1955. Abokan rabo suka koma 'yan albashi: dala 200 a mako in ana yawon wasa, 100 in ana zaune. Faifai yana sayuwa miliyoyi, su ba su da kaso a ciki. A Satumban 1957, shekarar da Elvis ya sayi gidan Graceland, Scotty da Bill suka rubuta takardar ajiye aiki. An lallashe su sun dawo, amma tafiyar ba ta koma yadda take ba.

Wasu za su ce ai muryar da fuskar Elvis mutane suka biya kuɗi su gani. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma kafin wannan daren Sam ya saurari yaron shi kaɗai, bai sami abin da zai buga a faifai ba.

Ba su kaɗai ba ne kuma. A ɗakin nan mawaƙi Johnny Cash ya fara, tare da Luther Perkins da Marshall Grant, kanikawan mota. Chuck Berry kuwa, a ƙungiyar mai fiyano Johnnie Johnson ya shiga a matsayin ɗan cike gurbi, daga baya ƙungiyar ta koma tasa.

Bill ya kafa tasa ƙungiyar, ta yi kasuwa har ta riƙa buɗe wa Beatles, mawaƙan nan na Birtaniya, fage a zagayensu na Amurka a 1964. Ya rasu a 1965. Scotty da Fontana sun zauna da Elvis a wani shirin talabijin nasa a 1968. Zauren karrama gwanayen rok an rol da ke Cleveland ya shigar da Elvis a 1986, Scotty sai 2000, Bill da Fontana sai 2009. Makaɗan Buddy Holly da na Bill Haley da na Gene Vincent kuwa, sai a 2012 aka tuna da su.

Wani ayarin baƙi na jiran ɗakin, bari in ba su wuri. Sai mun haɗu a titin Beale.