Finafinan Laifukan Gaske: A Ina Ingancinsu Yake Zubewa?

Barista Hauwa: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau muna kan finafinan laifukan da suka faru da gaske, irin waɗanda Netflix da HBO suke fitarwa. Malam Nura, kai da ka san aikin haɗa fim, a ina suke lalacewa?

Malam Nura: A teburin edita, Barista. Ana ɗauko hira da hotuna masu ɗimbin yawa, a matse su cikin sa'o'i kaɗan, kuma mai kallo bai san abin da aka zubar ba. Dubi *The Jinx* na 2015, kan attajirin nan na Amurka Robert Durst, wanda aka zarga da kisan kai. Bayan an gama hira ya shiga banɗaki da makirufo maƙale a rigarsa, yana ta surutu shi kaɗai. Aka rufe fim ɗin da kalaman da suka yi kama da amsa laifi. Sai a 2019 takardun kotu suka nuna cewa ba haka jimlolin suka jeru a bakinsa ba, an ɗauko ta baya an kai gaba.

Barista Hauwa: To amma ai kotun Los Angeles ta same shi da laifin kashe Susan Berman a 2021.

Malam Nura: Ƙwarai. Sai dai kotu ta saurari shaidu, lauyoyinsa kuma suka yi musu tambayoyi. Mai kallo ba ya da wannan damar. Ga alama ɗaya da za ku riƙe: idan mutum yana magana aka ɗauke fuskarsa aka nuna titi ko taga, muryar kuma tana ci gaba, to sau da yawa a nan aka ɓoye ɗinkin.

Sadiya: Ni abin da ya fi damuna jan rai ne. Labarin Elisa Lam, ɗalibar Kanada da aka tsinci gawarta a tankin ruwan otal ɗin Cecil a 2013, binciken likita ya ce nutsewa ce bisa tsautsayi. Amma a 2021 aka mai da shi fim mai kashi huɗu, aka cika su da hasashen 'yan intanet na cewa kashe ta aka yi. Maganar da ta warware komai, cewa ma'aikacin da ya gan ta ya tarar da murfin tankin a buɗe, sai can ƙarshe aka fito da ita.

Malam Nura: Saboda kamfanin lokacin da ka ɓata kana kallo yake ƙirgawa, Malama Sadiya.

Barista Hauwa: Ta fuskar shari'a kuwa, matsalar jin ɓangare ɗaya ce. *Making a Murderer* ya ci shekara 10 ana haɗa shi, kuma ya yi aiki nagari wajen nuna yadda 'yan sandan Wisconsin suka titsiye Brendan Dassey, yaro ɗan shekara 16 da aka tuhuma tare da kawunsa Steven Avery da kashe wata mata, babu lauya a gefensa. Amma mai gabatar da ƙara, Ken Kratz, ya koka cewa an bar hujjoji a waje, har da DNA ɗin Steven Avery da aka samu a sakatar bonet ɗin motar marigayiyar. Ko da ba ka yarda da hujja ba, ka nuna ta, sannan ka rusa ta.

Sadiya: Ga kuma iyalan mamata. Da aka saki shirin Jeffrey Dahmer a 2022, 'yar'uwar ɗaya daga cikin mutum 17 da ya kashe ta ce ba wanda ya tuntuɓe ta, alhali an kwaikwayi kukanta na gaban kotu tiryan-tiryan. Wallahi wannan ba ƙaramin ciwo ba ne.

Barista Hauwa: Shi ya sa idan fim ya ƙare, kada a kashe da wuri. A karanta rubutun da ke biyo baya, a nan ake lissafa waɗanda suka ƙi yin magana. Idan mai gabatar da ƙara da iyalan mamaci duk suna ciki, a nemi hukuncin kotun ɗaukaka ƙara a intanet, a gwada shi da abin da aka nuna.