Yadda Amurka ta ƙwaci kanta daga hannun Birtaniya, da abin da ya biyo baya

Jama'a masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. A shekarar 1775, babu ƙasar da ta kai Birtaniya ƙarfin jiragen yaƙi na ruwa. Waɗanda suka ja daga da ita kuwa yankuna 13 ne a gaɓar gabashin Amurka ta Arewa, mutanensu ba su kai miliyan 3 ba, ba su da rundunar ruwa, ba su da gwamnati guda. Amma cikin shekara 8, Birtaniya da kanta ta sa hannu a takardar sallama musu ƙasar. Ta yaya aka yi haka?

Mu fara sanin su wane ne masu tawayen. Ba 'yan asalin ƙasar ba ne. Turawa ne da kakanninsu suka ƙetaro teku suka zauna, yawancinsu daga Ingila, kuma da fari suna alfahari da zama talakawan Sarki George na Uku.

Kuɗi ne ya haɗa su rigima. Birtaniya ta gama yaƙi da Faransa a 1763, ta yi nasara amma bashi ya yi mata katutu. Sai majalisar Landan ta ce mazauna Amurka su ma su kawo nasu, ta ɗora haraji kan takardu a 1765, daga baya kan kayayyaki irin su ganyen shayi. Su kuma suka ce majalisar da ba su da wakili ko ɗaya a cikinta ba ta da hurumin karɓar harajinsu. A Disambar 1773 wasu mutanen Boston suka hau jiragen ruwa suka watsar da akwati 342 na shayi a cikin teku. Landan ta rufe tashar jiragen garin. Ranar 19 ga Afrilun 1775 aka fara harbe-harbe a Lexington da Concord, sannan ranar 4 ga Yulin 1776 wakilan yankunan suka shelanta 'yancin kai.

Kwamandansu, George Washington, ya sha kashi ba sau ɗaya ba. An kore shi daga New York a 1776, an ƙwace Philadelphia a 1777. A sansanin Valley Forge, sanyi da yunwa da cuta suka kashe masa sojoji kusan 2,000. Gwanintarsa ita ce ya hana rundunar watsewa. Ya gane cewa Birtaniya sai ta murƙushe su baki ɗaya kafin a ce ta ci yaƙin, su kuwa muddin suna tsaye, kowace shekara ƙarin asara ce ga Landan, wadda sai ta ɗauko sojoji da abinci da harsasai daga ƙetaren teku.

Lamarin ya juya ne a Saratoga, a Oktoban 1777, inda Janar Burgoyne na Birtaniya ya miƙa wuya shi da rundunarsa. Labari na isa Paris, faɗuwa ta zo daidai da zama, domin Faransa ta daɗe tana neman ramuwa. A Fabrairun 1778 ta ƙulla ƙawance da 'yan tawayen, ta aiko da kuɗi da sojoji da jirage. Sifaniya ta shiga a 1779. Yaƙin ya fantsama har tsibiran Karebiyan da Indiya, ƙarfin Birtaniya ya rarrabu.

A ganina, duk wanda ya ba da wannan labari bai ambaci Faransa ba, rabin labari ya bayar. Ku dubi Yorktown a 1781. Jiragen Faransa ne suka tare bakin tekun Chesapeake suka hana agaji isowa, yayin da sojojin Washington da na Janar Rochambeau na Faransa suka yi wa Janar Cornwallis na Birtaniya ƙawanya ta tudu. Ranar 19 ga Oktoba ya sallama. Yarjejeniyar Paris ta 1783 ta ba sabuwar ƙasar iyaka har zuwa kogin Mississippi.

Daga nan Washington ya yi abin da ya cancanci yabo. Sojoji na hannunsa, jama'a na sonsa, amma a Disambar 1783 ya mayar wa majalisar wakilan yankunan muƙaminsa ya koma gonarsa.

Zaman lafiyar bai zo da sauƙi ba. Gwamnatin tarayya ba ta da ikon karɓar haraji, kuɗin takardar da ta buga ya zama banza, tsoffin sojoji suna bin ta bashi. A 1786 manoman Massachusetts, da ake ƙwace wa gonaki saboda bashi, suka ɗauki makamai. Wannan ya tsorata manya, suka taru a Philadelphia a 1787 suka rubuta kundin tsarin mulkin da Amurka ke aiki da shi har yau. Washington ya zama shugaban ƙasa na farko a 1789, shekarar da juyin juya hali ya ɓarke a Faransa, wadda bashin wannan yaƙi ya ƙara durƙusar da baitulmalinta.

Akwai kuma waɗanda 'yancin bai kai ƙofarsu ba, kuma nan ne abin ke sosa rai. 'Yan asalin ƙasar, da dama daga cikinsu sun taya Birtaniya yaƙi, amma yarjejeniyar Paris ko ambatonsu ba ta yi ba, aka miƙa ƙasarsu ba da shawararsu ba. Thomas Jefferson, wanda ya rubuta a takardar shelar 'yancin kai cewa an halicci dukkan mutane daidai, ya mallaki ɗaruruwan bayi a rayuwarsa. Ƙidayar 1790 ta samu bayi kusan 700,000. Kundin tsarin mulki ya ƙirga bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujerun majalisa, ya kuma hana majalisa soke shigo da bayi kafin 1808. Bautar kanta sai a 1865 aka haramta ta, bayan yaƙin basasa.

Tun ana cikin yaƙin 'yancin kai, dubban bayi suka gudu wajen Birtaniya, wadda ta yi alƙawarin 'yanta duk wanda ya tsere daga ubangidansa ɗan tawaye. Da yaƙi ya ƙare, aka kwashe kusan 3,000 daga New York zuwa Nova Scotia da ke Kanada ta yau. Can ma filayen da aka yi musu alƙawari ba su samu yadda ya kamata ba, ga tsananin sanyi ga wariya. A 1792 kusan 1,200 daga cikinsu suka hau jirage suka nufo Afirka ta Yamma, suka kafa garin Freetown, babban birnin Saliyo.