Lambun Azhar: ashe a kan bola nake tsaye

Jama'a assalamu alaikum. Bari in sauke kyamara ƙasa ku ga inda nake tsaye. Ciyawa shar, bishiyoyin dabino a jere, ga ruwa yana bin wata siririyar magudana ta tsakiyar hanya. To wallahi wannan wurin bola ce a da. Shekarata uku ina karatu a Alƙahira, na wuce ta titin Salah Salem ba adadi ina hango bishiyoyin nan daga mota, amma sai yau na ji labarin. Wani dattijo na tarar yana ban ruwa, na gaishe shi na ce ya Ammu, kamar yadda ake kiran manya a nan. Da ya ji daga Najeriya nake sai ya ajiye tiyon, ya ce da yana yaro nan suke zuwa zubar da shara, kuma idan iska ta taso ƙurar tudun nan har cikin kwanon abincinsu take sauka. Tun ɗazu jikina a sanyaye yake.

Sunan wurin Hadiƙatul Azhar, wato Lambun Azhar. Kusan shekara 500 mutanen birni suna jibge shara da ɓaraguzan gini a wannan tudu na Darrasa. A 1984 Aga Khan, shugaban 'yan Shi'a Isma'iliyya na lokacin, ya ce zai yi wa Alƙahira kyautar lambu, kuma ba a yi bikin buɗe shi ba sai 2005. Dala miliyan 30 ya ci. Mota kusan 80,000 aka kwashe ta ƙasa da shara, ƙasar da ta rage kuma gishiri ya yi mata yawa, sai da aka yi ta gwada irin shuke-shuken da za su iya rayuwa a kanta. Faɗin lambun hekta 30 ne gaba ɗaya. Kuma ƙarƙashin wannan ciyawar akwai manyan tankunan ruwan sha guda uku da ke shayar da gari, an binne su an yi shuka a sama. Shi Aga Khan ɗin ya rasu a 2025, a Aswan aka binne shi.

Amma ku biyo ni gangaren nan, abin da ya taɓa ni yana ƙasa.

Kun ga wannan katangar dutsen? Ganuwar Salahuddin Ayyubi ce, ta ƙarni na 12. Shara ta haɗiye ta, wani wurin har zurfin mita 15. Da aka fara haƙa sai ga ta ta bayyana, da hasumiyoyinta da 'yan tagogin harbin kibiya, tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi. Ku ga yadda aka sassaƙa dutsen nan, ka sa yatsa ka ji sawun guduma. Sabbin duwatsun da aka cike gurbi da su sun fi haske, da ido za ka bambanta su da na asali.

Ni ɗan cikin birnin Kano ne, a gindin badala na tashi. Ganuwarmu Sarki Gijimasu ne ya fara ta, kusan zamani ɗaya da wannan, har ma ta ɗan girme ta. Muna yara mukan hau kai da yamma mu hango Dala da Goron Dutse. Zuwana gida na ƙarshe na je wurin da muke hawa, ban gane shi ba. An ɗebi ƙasa, an yi shaguna, kududdufin da ke gefe ya cika da leda. Na san tamu ta ƙasa ce, damina tana cin ta, ba kamar dutse ba. Amma ruwan sama bai taɓa zuwa da tifa ya kwashi ƙasa ba, mu ne. Abin yana ci mini rai, don wallahi idan ana maganar tarihi ba ma jin kunyar kowa.

Abin da ya fi burge ni, ba su tsaya a kan furanni ba. Unguwar da kuke gani bayan ganuwa Darbul Ahmar ce, talakawa ne, gidaje a cunkushe kamar lungunanmu. Matasan unguwar aka koya wa sassaƙar dutse da kafinta, su suka gyara ganuwar, aka ba masu sana'a ƙananan rance, aka gyara gidaje da tsofaffin masallatai irin na Ummu Sultan Sha'aban da na Khayrbek. Wanda ya ɗora dutse da hannunsa ba zai bari wani ya zo ya yi fitsari a gindinsa ba. Kuɗin ƙofa da na gidajen abincin ciki su ke riƙe da wurin. Abin da na biya yau bai kai kuɗin faranti biyu na kushari ba, abincin nan nasu na shinkafa da taliya, kuma ban ji ciwonsa ba, don tun shigowata ban ga ledar ruwa ko ɗaya a ƙasa ba.

Af, maganar kushari, na saba da shi yanzu, amma har yau ba abin da ya kama ƙafar gurasa da ƙuli ta Jakara. Gurasar nan tasu tana da daɗi, sai dai ba yajin.

Ɗalibai sababbin zuwa, ku ji ni da kyau. Idan ka hau tasi ka ce Azhar kawai, masallaci zai kai ka, sai ka ce Hadiƙa. Kada ka zo ranar Juma'a ko lokacin bikin sallah, cunkoson ya yi yawa, ga amare da angwaye ko'ina ana ɗaukar hoto. Kuma kada ka zauna a gidan abincin bakin tafki ba ka tambayi farashi ba. Ka zo bayan la'asar, ka hau can saman tudu inda ake hango Ƙal'a, wato tsohon sansanin Salahuddin, da masallacin Muhammad Ali.

Can nake hawa yanzu, rana ta kusa faɗuwa. Zan yi shiru in bar muku kyamara, don idan magariba ta yi, hasumiyoyin tsohon birni gaba ɗaya suke ɗaukar kiran salla, wani yana shiga cikin wani. Ga na farko can ya fara.