Fitilar LED ga tsirrai masu cin ƙwari a cikin ɗaki

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Ku dubi tsirran nan biyu da kyau. Dukansu Venus flytrap ne, wato tsiron da ganyensa ke rufewa kamar tarko ya kama ƙwaro, ƙasar da aka shuka su iri ɗaya ce, ruwansu ɗaya. Amma na dama cikin tarkonsa ja wur yake, na hagu kuwa ya koɗe, ganyensa ya yi tsawo ya langaɓe. Haske ne kaɗai ya raba su.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙwari ne abincin waɗannan tsirrai. Ba haka ba ne. A dausayin da suke fitowa ƙasar ba ta da naitirojin sosai, wato sinadarin da tsiro ke bukata don girma, shi ya sa suke kama ƙwari su cike giɓin. Ƙwaro taki ne kawai. Ƙarfin girma, da na rufe tarkon ma, daga haske yake zuwa, kamar kowane tsiro. Venus flytrap ɗan asalin jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu ne a Amurka, inda yake shan rana a fili. Hasken da ke shigowa ta taga ba kasafai yake isar sa ba.

To wace fitila za ku saya? Ni dai farar LED nake ba da shawara, wadda aka rubuta 5000K zuwa 6500K a kwalinta, wato ma'aunin launin haskenta. Masu hasken shunayya ma suna aiki, domin ganye ya fi zuƙar shuɗin haske da ja. Sai dai a ƙarƙashinsu ba za ku ga ainihin launin tsiron ba, alhali launin ne ke gaya muku lafiyarsa. Ku kula da maganar wat kuma. Wani kwalin za a buga masa 1000 da manyan lambobi, amma wutar da fitilar ke ja ba ta kai kusa da haka ba. Ku nemi ainihin abin da take ja. Lumen ma, wato ma'aunin ƙarfin haske da ake rubutawa a kwali, ba abin dogaro ba ne, don idon mutum aka yi wannan ma'auni. Na tsiro shi ne PPFD, wato yawan hasken da tsiro ke iya amfani da shi da ke sauka kan ganye.

Sai tazara, kuma a nan aka fi yin asara. Ku fara da santimita 15 zuwa 30 daga saman tsiron. Ƙaramar fitila idan kun ninka nisanta, hasken da ke sauka kan ganye yakan ragu zuwa kusan rubu'i. LED ba ta zafi kamar tsofaffin ƙwayaye, shi ya sa ake iya matso da ita haka. Duk da haka, tsiron da ya saba da inuwa kada ku afka masa da haske a rana ɗaya, ganyen zai ƙone. Ku riƙa matsowa sannu a hankali cikin mako biyu.

Ku haɗa ta da na'urar saita lokaci, awa 14 zuwa 16 kullum, sannan ta mutu. Tsiro ma yana bukatar dare.

Daga nan tsiron da kansa zai nuna muku. Drosera, mai kama ƙwari da danƙon da ke gashin ganyenta, idan ta ƙoshi da haske za ku ga gashinta ya yi ja, raɓar nan mai danƙo ta taru a kai. Nepenthes, ɗan dazuzzukan Borniyo da Sumatra, bai kai sauran son rana ba, amma in haske ya gaza sai ya yi ta fitar da ganye babu tulun da yake kama ƙwari da shi. Ruwa kuwa na sama ko tataccen da babu ma'adinai, in ba haka ba fitilar ba za ta cece su ba.

Venus flytrap da Sarracenia, wani mai cin ƙwari mai ganye kamar bututu, suna da hutun hunturu na kusan wata 3. A lokacin ku rage hasken zuwa awa 8 ko 10, ku kai su wuri mai sanyi. Wasu ganyen za su yi baƙi, kada ku jefar da tukunyar. Nepenthes kuwa ba ya wannan hutu, ku bar masa fitilarsa yadda take.